Mataimaki na Nesa: Tambayoyin da Masu Ƙananan Sana'o'i Suka Fi Yi

Na daɗe ina sayar da atamfa, leshi da mayafai daga gida a Kano. Ina saro kaya a Kantin Kwari, in ɗauki hoto in sa a waya, masu saye su yi magana daga Kaduna, Abuja, Legas, wani lokaci har Maraɗi. Tun da na ɗauki wata yarinya da ke zaune a Zariya tana riƙe mini saƙonni, 'yan'uwa masu sana'a ba su bar ni na huta da tambaya ba, a gidan biki, a bakin shago, a waya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda na sa musu lamba. Da sana'ata na yi misali don ita na sani, amma mai turaren wuta, mai kek, tela da mai kayan waya a Farm Centre duk za su ga kansu a ciki. Inda na ce "ka", Hajiya, har da ke nake.

1. Wai shin wane ne mataimaki na nesa?

Mutum ne da kake biya ya yi maka ayyukan da ake yi a waya ko kwamfuta, yana zaune a inda yake, kana inda kake. Masu Turanci suna taƙaita sunansa da VA. Yana amsa saƙonnin masu saye, yana rubuta oda, yana sa hotunan kaya a Instagram da Facebook, yana bin direba a waya har kaya su isa, yana shigar da cinikin rana a lissafi. Ba na'ura ba ce, ɗan Adam ne mai jini a jika (maganar na'ura tana tambaya ta 17). Yawancinsu ba mutum ɗaya suke yi wa aiki ba: ya ba ka awa uku, ya bai wa wani awa biyu, shi ya sa kuɗinsa bai kai na cikakken ma'aikaci ba.

2. To mene ne bambancinsa da yaron shago?

Yaron shago da ido yake koyo. Yana tsaye a gefen ubangidansa shekara da shekaru, yana ganin wa ake ragawa, wa ake bai wa bashi, wa ake kawo wa kujera da ruwa, har ranar da za a sallame shi ya buɗe nasa. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa doka. Mataimaki na nesa ba ya ganin komai daga cikin wannan. Bai san fuskar Hajiyar da ta shekara biyar tana saye a wurinka ba, bai san launin da kake kira "ruwan toka" ba, bai ji lokacin da dila ya ce kaya sun tashi ba. Abin da ka faɗa masa ko ka rubuta masa, shi kaɗai ya sani.

Duk wanda na ga abin ya lalace masa, a nan ya lalace. Ya ɗauki mutum daga nesa, ya sa ran zai gane abubuwa kamar yaron da ya girma a shagonsa, da bai gane ba sai ya ce "yaran yanzu ba sa aiki". Duba tambaya ta 6.

3. Ta yaya zan san lokacin ɗauka ya yi?

Kada ka dogara da jin gajiya, kowa a gajiye yake. Ɗauki ƙaramin littafi, mako guda cur kana rubuta abin da ka yi da lokacin da ya ci. Da na yi nawa, abin ya ba ni kunya: kusan awa uku kullum ina amsa tambaya huɗu, "nawa ne", "akwai wani launi", "turo lambar asusu", "kayana sun taso kuwa". Zuwa Kwari zaɓen kaya, wanda shi ne asalin abin da ke kawo mini kuɗi, sau ɗaya na samu na je a makon, shi ma a gurguje.

Wata alamar ita ce saƙon da ya kwana ba a amsa ba. Mai saye a waya ba ta da haƙuri. Ta turo maka, ta turo wa mutum uku, wanda ya riga amsawa shi ya ci. Idan ka waiwaya ka ga saƙonni goma da aka ce "nawa ne" ka amsa bayan kwana biyu aka yi shiru, ciniki goma ke nan ka yi wa wasu kyauta.

4. Wane aiki zan fara miƙawa?

Wanda ake maimaitawa kullum, wanda amsarsa ba ta canzawa, kuma wanda in an yi kuskure a cikinsa ba za a yi asara mai yawa ba. Faɗin farashi, tura hotuna, karɓar adireshi da lambar wanda zai amshi kaya a tasha, tuna wa mai saye cewa ba ta biya ba, sanar da ita lambar direba, jera oda a takardar lissafi ta Google Sheets. Fara da aiki ɗaya ko biyu. In ya riƙe su mako biyu ba tangarɗa, a ƙara masa. Zumuɗin zube wa mutum komai ranar farko shi ke sa a dawo ana gyaran ɓarna har dare.

5. Akwai abin da bai kamata in miƙa ba?

Akwai, kuma ba ni da sassauci a kansu. Asusun banki da lambar sirrinsa. Layin wayar da aka yi rajistar WhatsApp da banki da shi. Ikon mallakar shafukanka. Yanke farashi da ba da bashi. Sai kuma hulɗa da dilolinka, domin sanin inda ake samun kaya da arha shi ne jarin da ba ya cikin jaka.

Zan ƙara da rarrashin babban kwastoma da aka ɓata wa rai. Wadda aka aika wa ankon biki launi ya saɓa, ga biki saura kwana huɗu, muryarka take so ta ji. Yadda ake ba da aiki ba tare da ba da makulli ba yana tambaya ta 11 zuwa ta 13.

6. Kafin in koya wa wani ai na gama aikin da kaina. Ina ribar?

Gaskiya ne, a makon farko ka fi shi sauri, kuma za ka ƙara wa kanka aiki ne ma. Ni na yi kusan wata guda ina ji kamar na ɗauko wa kaina ɗawainiya. Amma koyarwa sau ɗaya ake yi, aikin kuwa kullum ne. Aikin minti ashirin a rana, in ka lissafa kwana shida a mako, awa biyu ne. A shekara ya haura awa ɗari. Ko koyar da shi zai ci maka yini guda, ka ci riba.

Dabarar ita ce kada ka koyar da baki a waya, magana ta bi iska. Yawancin wayoyin yanzu suna iya ɗaukar bidiyon abin da kake yi a fuskarsu. Kunna shi, ka amsa saƙonni goma kamar yadda ka saba, kana faɗin dalili: "wannan ta tambayi leshi, sai in tambaye ta na biki ne ko na lefe kafin in tura hoto, don kada in zuba mata hamsin ta ruɗe." Tura masa, ka ce shi ya rubuta matakan da ya gani, kai kuma ka gyara. Abin da ya rubuta zai nuna maka inda bai gane ba. A haka takarda za ta taru: farashi, kuɗin mota zuwa kowane gari, ranakun da ake kai kaya tasha, abin da ake cewa in kaya sun ƙare, iyakar ragin da ya isa ya yi. Ko gobe ya tafi, takardar tana nan ga wanda zai gaje shi.

Abu guda da na koya da tsada: takardar farashi ta zama guda ɗaya, a wuri ɗaya. Akwai makon da kaya suka tashi a kasuwa, na canza farashi a kaina ban canza a takarda ba. Yarinyar ta sayar da turmi tara a tsohon kuɗi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna wa ya je kasuwar.

7. A ina ake samunsu?

Hanya biyu ce. Akwai kasuwannin intanet irin su Upwork, wanda ya samo asali daga haɗewar Elance da oDesk ya ɗauki wannan suna a 2015, da Fiverr da aka kafa a 2010. A nan za ka ga tarihin aikin mutum da abin da waɗanda ya yi wa aiki suka ce a kansa, kuma kamfanin yana riƙe kuɗin aikin jinga sai an gama. Ƙasar Filifin ta yi suna a wannan sana'a, 'yan kasuwar Amurka da Ingila da yawa can suke ɗauka. Amma da dala ake ciniki a waɗannan wurare, kuma tun da aka saki Naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 abin ya yi wa mai samun kuɗinsa da Naira nauyi. Ga bambancin lokaci: ƙarfe 9 na safe a Kano, ƙarfe 4 na yamma ne a Manila, babban birnin Filifin. Sannan mutumin ba ya jin Hausa. Wannan hanya ta dace da mai fitar da kaya waje, kamar zoɓo, riɗi ko kayan fata, da ke buƙatar wasiƙu da Turanci, ko mai son aikin lokaci guda kamar zanen tambari.

Ga mai sayar wa mutanenmu kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Ɗalibai, masu jiran bautar ƙasa, matan aure masu ilimi da ke son aiki daga ɗaki, waɗanda suka yi kwas ɗin wannan aiki a cibiyoyin horo irin su ALX, suna nan da yawa. Sa sanarwa a sitatus ɗinka, ka tambayi abokan sana'a. Wanda wani da ka sani ya tsaya masa ya fi wanda ya faɗo daga sama.

8. Ƙanwata tana zaune ba aiki. Ba gara in ba ta ba?

In ta iya, kuma in za ki iya ce mata "kin yi kuskure" ba tare da maganar ta kai gaban Inna ba, bismillah. In ba za ki iya sallamarta ba ranar da abin ya ƙi, kada ki fara. A yi mata gwajin da za a yi wa bare, a yanka mata albashi kamar bare, a rubuta. "Ki riƙa taya ni, zan riƙa ba ki wani abu" shi ne mafarin gaba a gidaje da yawa.

9. Yaya zan gwada mutum kafin in ɗauke shi?

Takardar shaidar makaranta ba ta amsa saƙo. Tara saƙonni goma na gaske da aka taɓa turo maka, ka goge sunaye da lambobi, ka haɗa da takardar farashi ka ce ya amsa. A ciki ka sa mai zafin rai, ka sa mai neman ragin da ya wuce hankali, ka sa saƙon murya, sannan ka sa tambaya ɗaya da amsarta ba ta cikin takardar. Wannan ta ƙarshen ita ce jarrabawar. Wanda ya ce "bari in tambayi Hajiya in dawo miki" shi nake ɗauka. Wanda ya ƙirƙiro amsa don kada a ce bai sani ba, wata rana zai ƙirƙiro maka bashi.

Bayan haka a yi mako ɗaya ko biyu na gwaji, kuma a biya shi kuɗin kwanakin. Gwajin kyauta zalunci ne, kuma na kirki ba sa tsayawa a yi musu shi.

10. Nawa ake biya, kuma ta yaya zan san kuɗin na fita?

Ba ƙayyadadden farashi. Ya danganta da awanni, nauyin aiki da ƙwarewa. Abin aunawa dai shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000 a wata tun Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ko mai aikin rabin lokaci ba, amma tana nuna maka inda adalci ya faro ga mai yini a kan aikinka. Akan biya a wata, ko a awa, ko a kan kowace oda da aka kammala. Ni na fi son albashi tsayayye da ɗan kamasho a kai, musamman daga azumi zuwa sallah da aiki ke ninkawa. Kamasho zalla yana sa mutum ya riƙa matsa wa masu saye, ya yi watsi da ayyukan da ba sa kawo masa komai, kamar bin kayan da suka maƙale a hanya.

Lissafin fita kuwa mai sauƙi ne. A ce kana biyan Naira 60,000, ribarka a turmi ɗaya kuma Naira 2,000. Turmi 30 a wata, wato ƙarin ɗaya a rana, ya biya shi. Tambayar ita ce me ka yi da awannin da ya 'yanta maka. In ka je kasuwa ka zaɓo sababbin kaya, ka nemo masu sarin da za su riƙa ɗauka da yawa, kuɗi ya fita. In barci ka samu da zama da yara, shi ma ba asara ba ce, sai dai ka san abin da ka saya ke nan. Kuma a biya a kan rana. Mun san hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Wanda ke nesa ba ya ganin fuskarka balle ya yi maka uzuri, shiru kawai yake gani.

11. Duk cinikina a WhatsApp yake. Sai na ba shi wayata ke nan?

A'a. Da farko ka raba layin sana'a da na gida, ka sa WhatsApp Business a na sana'ar. Manhajar kyauta ce, tun 2018 take, kuma tana da wurin jera kaya da farashinsu, da amsoshin da ake ajiyewa a tura da taɓawa ɗaya, da alamomin da ake liƙa wa hira: sabuwar oda, an biya, an tura. Waɗannan kaɗai sun rage rabin wahala ko ba ka ɗauki kowa ba.

Sannan akwai wurin da aka rubuta "Linked devices", inda ake haɗa na'ura har huɗu da lamba ɗaya. Ka haɗa kwamfutarsa ko wayarsa, yana amsawa daga can, kana ganin komai daga nan, layin yana hannunka, kuma ranar da ka ga dama ka cire shi da kanka. Ka sani dai duk hirar da ke kan lambar zai gani, dalilin raba layi ke nan. In babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, sauran na'urorin za su fita da kansu. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambar sirri da kai kaɗai ka sani. Lambobi shida da ke shigowa ta tes kuwa ba a karanta wa kowa su, ko shi, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake; da su ake ƙwace lambobin mutane.

12. Instagram, Facebook da imel fa?

Su ma ba sai ka ba da kalmar sirri ba. In shafinka na kasuwanci ne, Meta Business Suite, wato wurin sarrafa shafukan Facebook da Instagram na kasuwanci, yana ba ka damar gayyatar mutum ka zaɓa masa abin da zai iya taɓawa, kamar saƙonni da sa hotuna, ba tare da cikakken iko ba. Kada ka ba shi cikakken ikon, don mai shi yana iya cire wasu, har da kai. Gmail ma yana da tsarin wakilci da ake saitawa a kwamfuta: wakili ya karanta ya amsa wasiƙa, amma ba zai iya canza kalmar sirri ba. Takardun Google Sheets kuwa ka buɗe su da asusunka ka gayyace shi, kada shi ya buɗe ya gayyace ka. Suna ajiye tarihin wanda ya canza me da yaushe.

Na ga wadda ta tara mabiya shekara huɗu, ashe yaron da ya buɗe mata shafin da imel ɗinsa ya buɗe. Ranar da suka saɓa, da shafin ya tafi.

13. Wa zai tabbatar an biya kuɗi kafin a tura kaya?

Kai. Wannan ne aikin da na ƙi saki har yau, kuma da dalili. Wata rana ina gidan suna, wani ya yi odar anko turmi goma sha biyu, ya turo hoton rasit mai kyau, da sunana da adadin kuɗi daidai, yana ta kira wai mota za ta tashi. Yarinyar ta ga rasit, ta ce wa ɗan aike ya kai tasha. Sai bayan magariba na buɗe manhajar banki: ko sisi. Lambar kuma a kashe. Ban taɓa gaya mata cewa hoton rasit da alat na tes duk ana ƙirƙirarsu ba, a ganina kowa ya sani.

Tun ranar dokar ɗaya ce: ba a ɗaure kaya sai na ga kuɗi a cikin asusu da idona. Don kada in koma bautar waya, sau uku nake dubawa, da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar. Ita tana jera sunaye da adadi a takarda, ni ina sa alama a gaban wanda ya shigo. Minti biyar ne kowane zama. Ka buɗe asusu daban na sana'a, ko a banki ko a irin su Moniepoint da OPay, kuma ka rubuta a shafinka cewa wannan ne kaɗai asusun da ake biya, don kada wata rana a ba mai saye wata lambar.

14. Ba zai kwashe mini kwastomomi ya buɗe nasa ba?

Zai iya, kamar yadda yaron shago ma ke iya yi. Abin da ke rage haɗarin shi ne abin da na faɗa a tambaya ta 5: yana ganin masu saye, ba ya ganin inda ake saro kaya da nawa. A kuma rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, da Hausa ma ta yi: aikin da zai yi, awanni, albashi da ranar biya, cewa lambobi da adireshin masu saye amana ne ba zai kwafa ko ya ba wani ba, da kwanakin sanarwa kafin rabuwa. Kowa ya sa hannu, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare.

Batun lambobin mutane ba na kishi ba ne kawai. Tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, kuma wanda ya tara bayanan shi ke da alhakin tsare su. Matar da ta ba ka adireshin gidanta don a kai mata mayafi ba ta ba ka don wani ya riƙa kiranta da dare ba.

15. Ba na ganinsa. Ta yaya zan san yana aiki? Kuma in ya ce ba wuta fa?

Ka auna abin da ya fito, ka bar zancen zama. Ku yi ƙa'ida: daga ƙarfe kaza zuwa kaza, saƙo ba ya wuce minti talatin ba a amsa ba, kowace yamma ya turo layi huɗu, oda nawa, nawa aka biya, me ya maƙale, me yake jira daga gare ka. Upwork yana da manhajar da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ma'aikaci lokaci-lokaci, amma ni ban ga amfanin irin wannan tsaro a ƙaramar sana'a ba. In kana leƙa kowace hira kana gyara masa kalma, ka biya kuɗi ne kuma kana aikin. Ware rabin awa a mako ku duba kurakurai gaba ɗaya.

Wuta da data kuwa gaskiya ne, ba kullum ƙarya ba ce. Kuɗin data a kanka yake, daban da albashi, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Hotuna da bidiyon kaya suna shan data kamar ruwa. Tambaye shi tun a gwaji yadda yake caji, kuma ya kasance da layi biyu na kamfani daban-daban. Ni na saya mata abin ajiye caji a wata na biyu. In sabis ya ɗauke gaba ɗaya, tes ɗaya ya isa in san in karɓi aikin.

16. Kwastomomina sun saba da ni. Ba za su gudu ba in suka ji wata murya?

Wasu za su yi ƙorafi, musamman manya. Kada ka ɓoye, kada kuma ya riƙa yin kamar kai ne. Ranar da aka gane, yarda ta tafi. Na yi saƙon murya na sa a sitatus: ga 'yata da za ta riƙa amsa muku da sauri, ni ina nan, mai son magana da ni ta ce. Sannan na ba ta sunayen mutum kamar ashirin da ba a yi musu amsar kowa-da-kowa: a gaishe su da kyau, a tambayi gida da yara, a ce Hajiya za ta kira. Mutanenmu ba sa faɗa wa ciniki kai tsaye, kuma wanda ya amsa sallama da farashi ya kori mai saye ko da farashin ya yi. Shi ya sa a gwaji (tambaya ta 9) nake sauraron yadda mutum ke gaisuwa, da ko ya san wa ake ce wa "Anti", wa ake ce wa "Hajiya", wa ake ce wa "ranki ya daɗe".

17. Tunda ga ChatGPT da Meta AI, me zai sa in biya mutum?

Manhajoji ne da ke amsa tambaya da rubutu kamar mutum. Suna da amfani, kuma mataimaki mai wayo yana aiki da su: rubuta tallar kaya, gyara wasiƙar Turanci, tsara lissafi. ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, Meta AI kuma ya shigo WhatsApp a Nijeriya a 2024. Amma ba za su kira direban da ya kashe waya a hanyar Abuja ba, ba za su gane cewa "to shi ke nan, Allah ya sa alheri" daga bakin Hajiya fushi ne ba, kuma in ba su san farashi ba suna iya faɗin wanda babu shi da cikakkiyar gadara. Kada kuma a zuba musu sunaye da lambobin masu saye. Duba tambaya ta 14.

18. In abin bai yi ba, yaya ake rabuwa?

Kafin ka yanke, duba ko matsalar daga takardarka take (tambaya ta 6). In ka gyara bayani sau biyu kuskuren bai daina ba, ko ka kama ƙarya ko da sau ɗaya a kan kuɗi, a rabu. Ba da sanarwar da kuka rubuta, ka biya shi haƙƙinsa har na ranar ƙarshe, kada ka riƙe albashi don huce haushi. In batun kuɗi ne, rufe ƙofofi kafin ka yi maganar. In rabuwar lafiya ce, ranar ƙarshe. Cire na'urarsa daga WhatsApp, cire shi daga Meta Business Suite da wakilcin Gmail, janye gayyatar takardu, canza duk kalmar sirrin da ta taɓa bi ta hannunsa, ka ce ya goge hotunan rasit da adireshin da ke wayarsa. Sai ka sanar da ɗan aike da direbobin da kuke hulɗa da su cewa daga yau ba shi ke ba da umarnin ɗaukar kaya ba, don su ne aka fi mantawa.